Kafin a yi wa kwamfutarka "fomat": Yadda ake ceto fayiloli daga bairos

A Talata Mafara, garin da ke da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da Jami'ar Jihar Zamfara, ba kasafai kwamfutar gida ke zama ta mutum ɗaya ba. Wadda yaya ke rubuta furojet ɗinsa na kammala karatu a ciki, ita ce ƙanwa ke gwada tambayoyin JAMB a kai, ita ce maigida ke ajiye lissafin buhunan shinkafar da ya noma a Bakolori, da dare kuma a kalli fim. Ranar da ta fara ciwo, ko ta yi nauyi, ko fayiloli su ɓace, ko ta ƙi tashi gaba ɗaya, sai a ɗauke ta zuwa wurin mai gyara. Amsar da aka saba ji a can kuwa guda ce: bairos ne, sai an yi mata fomat.

Fomat na nufin a share ma'adanar kwamfutar tas, a ɗora sabuwar babbar manhaja, wato Windows. Aiki ne mai sauri, kuma kwamfutar kan dawo garau. Sai dai mutane da yawa ba sa gane abin da suka amince da shi sai sun koma gida. Babi huɗu na furojet, hotunan biki da na iyayen da suka rasu, takardun shaidar da aka yi wa sikanin, duk sun bi cutar sun tafi. Windows ana samun wata ko yaushe, amma abin da mutum ya kwashe wata shida yana rubutawa babu shagon da ke sayar da shi. Abin takaicin shi ne, cutar da aka fi sani a irin waɗannan kwamfutoci ba ta goge komai. Garin magani ne ake gogewa.

Cutar da ke shigowa ta filash

Ana ce mata cutar shotkot. Ka kai filash ɗinka shagon buga takardu, an soka shi a kwamfutar da filashin jama'a ke shiga safe da yamma. Ka dawo gida ka buɗe, sai ka tarar foldodinka sun koma wasu alamomi masu ɗan kibiya a gindi, ko kuma wayam, babu komai sai alama ɗaya mai sunan filash ɗin kansa. Kafin hankalinka ya tashi, duba yawan wurin da aka ci a filash ɗin. In kwamfuta ta nuna an ci gigabait 3 cikin 8 alhali ba ka ganin komai, kayanka suna nan, lulluɓe su aka yi.

Dabarar cutar ba ta da zurfi. Tana liƙa wa fayilolinka irin alamar da Windows ke liƙa wa nata fayilolin masu muhimmanci don ta ɓoye su daga ido, sannan ta ƙirƙiri shotkot mai sunan kowace folda. Da ka danna, foldar za ta buɗe kamar yadda ka saba, amma a bayan fage wani ɗan umarni ya riga ya kwafi cutar zuwa cikin kwamfutarka, ya sa sunanta a jerin abubuwan da ke tashi duk lokacin da aka kunna ta. Daga ranar, duk filash ɗin da ya shiga ya kamu.

Akwai masu ɗaukar abin a matsayin ɗan tsokana kawai. Ba haka ba ne. A watan Yunin 2014 kamfanin Microsoft ya je kotu a Amurka don karya hanyoyin da dangin cuta biyu masu bin filash, Jenxcus da Bladabindi, ke karɓar umarni daga masu su, domin suna ba mai kutse damar ganin abin da ake bugawa da kwashe kalmomin sirri. A ƙarshen Nuwamban 2017 kuma hukumar FBI da Europol ta 'yan sandan Turai tare da Microsoft suka rushe cibiyar wata mai suna Andromeda, wadda ita ma ke ɓoye fayiloli ta bar shotkot. An kashe uwar, amma 'ya'yan suna nan kwance cikin tsofaffin filashi, suna jiran wanda zai danna.

Fito da abin da aka ɓoye aikin minti biyu ne, muddin a kwamfuta mai lafiya aka yi shi, kuma ba a danna ko shotkot ɗaya ba. A nemo cmd a wurin bincike na Windows, a buɗe, a rubuta wannan layi, a sauya harafin E da harafin da kwamfutar ta ba filash ɗin:

attrib -h -r -s /s /d E:\*.*

Foldodin za su bayyana, wani lokaci a cikin wata folda da ba ta da suna. A kwashe takardu da hotuna zuwa wani wuri, sannan a yi wa filash ɗin fomat. Amma in kwamfutar gida ta riga ta kamu, da an mayar da shi zai sake kamuwa. An gudu ba a tsira ba ke nan.

Idan maganin ne ya zama ciwo

Yawancin kwamfutocin da ke hannun jama'a a Mafara da Bakura da Maradun na gwanjo ne, an sayo su a Kano ko Sakkwato ko Gusau, kuma mai sayarwa kan cika su da manhajoji a matsayin gyara. A ciki akan sami manhajar riga-kafi biyu, wani lokaci uku: Avast ko AVG, ga Smadav, ga kuma McAfee na gwaji da wa'adinsa ya daɗe da ƙarewa. Mai kwamfuta na ganin ya tara masu gadi. A zahiri, manyan manhajojin riga-kafi biyu da ke aiki lokaci guda kowacce na son ta riga ɗaya taɓa duk fayil ɗin da aka buɗe, har wata ta ɗauki 'yar'uwarta a matsayin cuta. Kwamfutar da dama ƙwaƙwalwarta gigabait 4 ce sai ta koma tafiyar kunkuru, ko ta riƙa ƙamewa.

Akwai kuma abin da ya fi wannan muni. Tun daga Windows 8, Microsoft na haɗo nata riga-kafin mai suna Defender kyauta, kuma yana janyewa gefe da zarar ya ga an ɗora wani. In wanda aka ɗora ɗin na bogi ne, ko an cire shi rabi da rabi ya bar saura, Defender na iya ci gaba da barci, gida ya zauna babu mai gadi ko ɗaya, alhali mai gida na ganin tambarin riga-kafi a ƙasan allo. Shi ya sa manyan kamfanonin ke da manhajar cirewa ta musamman a shafukansu: Avast Clear na Avast, MCPR na McAfee, kavremover na Kaspersky. Ita Smadav, wadda aka ƙera a Indunusiya kuma ta karɓu sosai a shagunan Najeriya, masu ita da kansu suna tallata ta ne a matsayin kariya ta biyu, musamman ga filash. Wanda ya dogara da ita kaɗai ya ɗora mata kayan da ba nata ba.

Riga-kafi kuma sai da sabon bayani yake gane sabuwar cuta, sabon bayani kuwa sai da intanet. Mutanen Zamfara sun ga iyakar wannan a Satumban 2021, lokacin da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta umarci kamfanoni su rufe layukan waya a faɗin jihar saboda yaƙi da 'yan bindiga. An dawo da sabis a Gusau a farkon Oktoba, sauran ƙananan hukumomi sai daga baya. A tsawon lokacin babu kwamfutar da ke dogara da data ta waya da ta iya sabunta komai, kuma filash ne ya rage hanyar kai takarda daga hannu zuwa hannu. Ko a yau, wanda ke auna data da cokali yakan kashe sabuntawa don kada ta cinye masa kuɗi. Ga mai irin wannan hali akwai mafita: Microsoft na ajiye sabon bayanin Defender a matsayin fayil guda a shafinsa, ana iya sauko da shi inda sabis ke da ƙarfi a kawo gida a ɗora.

Kada a ɗauka manyan kamfanoni ba sa tuntuɓe. A Afrilun 2010 wata sabuntawa ta McAfee ta ɗauki wani fayil da Windows XP ba ta iya aiki sai da shi a matsayin cuta, kwamfutoci masu yawa suka riƙa mutuwa suna tashi. Ranar 19 ga Yulin 2024 kuma kuskure a sabuntawar manhajar tsaro ta CrowdStrike ya durƙusar da kwamfutoci kimanin miliyan 8.5, aka soke tashin dubban jirage. Darasin da ke ciki ga mai kwamfutar gida ƙarami ne amma yana da amfani: in fayil ya ɓace bayan riga-kafi ya yi bincike, a fara leƙa wurin da yake killace abin da ya kama. Sau da yawa fayil ɗin na can, kuma ana iya maido shi.

Wani abin da ke ruɗa mutane shi ne saƙon da ke faɗowa a gefen allo da jan rubutu, wai an gano cuta biyar, danna nan. Galibi ba daga riga-kafi yake ba. Wani shafin sauko da fim ne aka taɓa ba izinin turo sanarwa ta Chrome. A shiga saitin sanarwa na Chrome a cire shafin, magana ta ƙare. Wanda ya danna kuwa shi ne ke sauko da cutar da ake tsorata shi da ita.

A fara fitar da kaya kafin a rushe ɗaki

Duk abin da ya sami kwamfutar, matakin farko shi ne a raba ta da intanet, a kashe hotspot ɗin waya, kuma a daina ɗora mata sababbin manhajojin "gyara". Na biyu shi ne kwashe fayiloli, kuma a nan ne ake gane mai gyaran da ya san aikinsa.

Ko Windows ta ƙi tashi, fayilolin suna kan ma'adana. Mai gyara na iya tayar da kwamfutar daga filash mai ɗauke da Ubuntu, wata babbar manhaja ta kyauta da ke iya aiki ba tare da an ɗora ta ba. Cututtukan Windows ba sa motsi a cikinta, don haka ana iya buɗe foldodi a kwashe abin da ake so cikin natsuwa. Ko kuma ya ciro ma'adanar ya jona ta da wata kwamfutar. In ya ce babu yadda za a yi sai fomat alhali bai gwada ko ɗaya cikin biyun nan ba, ka karɓi kayarka ka nemi wani, ko da sai ka shiga mota zuwa Gusau ko Sakkwato.

A kwashi takardu, hotuna, sauti da bidiyo. A bar duk fayil ɗin da sunansa ya ƙare da .exe, har da tarin manhajojin da aka daɗe ana adanawa, domin akwai tsofaffin cututtuka irin su Sality da Ramnit da ke shiga cikin jikin manhajoji su zauna. Wanda ya kwashe su ya mayar bayan fomat ya dawo da ciwonsa da hannunsa. Masu sababbin kwamfutoci kuma su kula: da yawansu suna zuwa da ma'adana a kulle da tsarin BitLocker, kuma da an ciro ta ko an tayar da ita ta wata hanya za ta nemi mabuɗi mai lamba 48. Galibi yana cikin asusun Microsoft na mai kwamfutar, ana iya duba shi ta waya. A nemo shi tun kafin a kwance ko kusa ɗaya.

Ka kuma zauna a wurin lokacin da ake kwashewa, musamman in kwamfutar ta iyali ce. Hotunan gida da takardun banki ba abin da za a bar wa yaran shago su kwana da shi ba ne, komai amanar maigidansu.

Sai bayan kaya sun fita ake fuskantar cutar. Windows 10 da 11 suna da wani bincike mai suna Microsoft Defender Offline a cikin Windows Security, wanda ke sake kunna kwamfutar ya yi aikinsa kafin cutar ta farka ta ɓuya. Akwai kuma Microsoft Safety Scanner, amma kwana 10 kawai yake yi bayan an sauko da shi, don haka tsohon da ke cikin filash ɗin mai gyara tun bara ba shi da amfani. In an yi wannan cutar na dawowa, ko ta lalata Windows ɗin, to yanzu fomat ya halatta, kuma a ganina ya fi kwana uku ana faci.

Ba kowane nauyi ne bairos ba, wannan ma a faɗa. Ƙurar hunturu kan toshe fankar kwamfuta, zafin bazara ya ƙarasa ta, ta riƙa mutuwa da kanta. Ɗauke wuta ba zato, ga batirin da ya mutu, kan lalata fayilolin Windows. In kuma ana jin wani ƙas-ƙas daga cikin ma'adanar, ita ce ke shirin mutuwa, kuma duk binciken riga-kafin da aka sa ta yi ƙara mata wahala ne. A kwashe abin da ya fi muhimmanci nan take.

Wanda aka riga aka yi wa fomat fa? Ya daina amfani da kwamfutar a take, domin kowane sabon abu da ya shiga yana iya hawa kan tsohon. A tsohuwar ma'adana mai faifai, manhajoji irin su Recuva da PhotoRec kan tono wani abu, da sharaɗin a zuba abin da aka tono a wata ma'adanar daban. A sabuwar ma'adana ta SSD damar kaɗan ce ƙwarai, saboda ita tana share abin da aka goge da gaske.

Cutar da ke garkuwa da fayiloli

Akwai wadda umarnin attrib ba ya yi wa komai. Za ka ga fayilolinka ƙuru-ƙuru amma sun ƙi buɗuwa, an ƙara wa sunan kowanne wasu haruffa huɗu marasa ma'ana a ƙarshe, ga kuma wata takarda mai suna _readme.txt. Wannan ita ce STOP, ko Djvu, wadda ta bazu tun ƙarshen 2018. Kalmar kuɗin fansa ba baƙuwa ba ce a kunnen Bazamfare, kuma ma'anarta ɗaya ce a nan: shekaru da dama takardar na neman dala 980, ko 490 in an tuntuɓe su cikin awa 72.

Ba manyan kamfanoni take farauta ba, masu kwamfutar gida take kamawa, kuma babbar ƙofarta ita ce manhajar sata: Office ko CorelDRAW ko Photoshop da aka fasa, wasannin kyauta, da 'yan manhajojin da ake cewa suna kunna lasisin Windows, irin jabun KMSPico. Umarnin farko da ke zuwa da irin waɗannan shi ne a kashe riga-kafi kafin a ɗora. Mutum da kansa ke sallamar mai gadi ya buɗe ƙofa.

A Oktoban 2019 kamfanin Emsisoft ya fitar da manhajar kwance ta kyauta, amma tana da iyaka. In cutar ta sami intanet lokacin da take ɗaure fayilolin, mabuɗin da ta yi amfani da shi naka ne kai kaɗai, yana hannun masu ita. In ba ta samu ba, tana komawa ga wani mabuɗin da ta zo da shi, wanda duk waɗanda irinta ta kama a haka suke tarayya a kai. Irin wannan ne ake iya kwancewa, in mabuɗin ya shigo hannun masu bincike. Alamarsa ita ce lambar shaidar da ke ƙasan takardar fansar takan ƙare da t1. Wato raunin sabis da ake kuka da shi a ƙauyukan Maradun da Bakura na iya zama sanadin tsirar wani. Shafin No More Ransom, wanda 'yan sandan Holan da Europol da kamfanonin Kaspersky da McAfee suka kafa a 2016, na tara irin waɗannan manhajoji, kuma ana iya buɗe shi ta waya.

In ba a dace ba, kada a goge fayilolin da aka ɗaure. A kwashe su tare da takardar fansar a ajiye, domin an sha samun mabuɗi bayan shekara ko fiye. Biyan kuɗin ba shi da tabbas, kuma a yi hattara da masu zuwa ta Facebook ko WhatsApp suna cewa za su kwance a farashi mai sauƙi. Kafin a yanke ƙauna a tuna inda fayil ɗin ya taɓa zuwa: imel ɗin malamin da ke duba furojet, WhatsApp na abokin karatu, kwamfutar shagon da aka buga babi na uku.

Bayan kwamfuta ta tashi

Djvu takan zo da rakiyar manhajar da ke kwashe kalmomin sirrin da aka adana a Chrome, haka ma yawancin cututtukan da ke cikin manhajar sata. Fomat ba ya dawo da abin da ya riga ya fita. Don haka a ɗauki waya, ba kwamfutar da ta kamu ba, a sauya kalmar sirrin Gmail da farko, tunda ta nan ake sake saita sauran, sannan Facebook da banki da shafin makaranta. A fitar da duk na'urorin da ke cikin asusun, a kunna tabbatarwa mai mataki biyu, a duba na'urorin da ke haɗe da WhatsApp.

Sai batun abin da za a ɗora. Nan ne ake gudun gara a faɗa gidan zago: a goge cuta da safe, da rana a ɗora Windows da aka yi wa kwaskwarima da Office na sata daga filash ɗin shago. Ana sauko da Windows ta asali kyauta daga shafin Microsoft. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, kwamfutocin HP da Dell da Lenovo da suka fito da Windows 8 ko sama da haka galibi lasisinsu na cikin jikin injin, in an ɗora irin wadda suka zo da ita za ta kunna kanta da zarar ta ga intanet. Ko babu lasisi ma Windows na aiki, sai ɗan rubutu a kusurwar allo. A maimakon Office na sata akwai LibreOffice da WPS Office, dukansu suna buɗe takardun Word.

Shekarun Windows ɗin ma abin dubawa ne. Microsoft ya daina toshe ɓarakar Windows 7 tun 14 ga Janairun 2020, ta Windows 10 kuma wa'adinta ya cika ranar 14 ga Oktoban 2025, sai ƙarin shekara ɗaya ga waɗanda suka yi rajistar tsawaitawa. Da yawa daga kwamfutocin gwanjo ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Ga wanda aikinsa rubutu ne da intanet, Linux Mint na tafiya lafiya a kan tsohon inji, kuma cutar shotkot ba ta da abin yi a can.

Furojet gaba ɗayansa ba kasafai yake wuce 'yan megabait ba, asusun Google kuwa na ba da gigabait 15 kyauta. Tura wa kanka shi ta imel duk daren da ka ƙara shafi bai kai datar kallon gajeren bidiyo ɗaya ba. In za a je bugawa, a mayar da takardar PDF a tura wa mai shago ta WhatsApp. In kuma dole sai da filash, a ware guda ɗaya na zuwa shago, kada a ajiye komai a cikinsa sai abin da za a buga ranar, in an dawo a yi masa fomat kafin a buɗe shi.